Likita Ya Hana Ni Taɓa Nikel

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ina lafiya, alhamdulillahi.

Kin tambayi aikina. Har yanzu ina haɗa sinadarin da ke taimaka wa lantarki ya raba ruwa, iskar haidurojin ta fito, wadda ake fatan ta maye gurbin fetur. Da ƙarfen nikel nake haɗa shi, don ya fi araha. Bayan shekarun nan, makon jiya ya yi aiki. Na daɗe tsaye ina kallon kumfa na tasowa a kwalba.

Sai dai hannuwana sun tsattsage, sai da safar hannu nake yawo, cokali ma da kyar nake riƙewa, ga tari. Kada ki damu. Likita dai ya ce, "Jikinki ya ƙi nikel. Ko ki bar ɗakin gwaji, ko huhunki ya lalace." Shugabanmu ya yi mini sannu, washegari na tarar da wani a kujerata. In aikin ya tsaya, izinin zamana a ƙasar nan ma ya ƙare.

Ki sa ni a addu'a. Ga hoto nan. In Inna ta tambayi safar hannun, ki ce sanyi ake yi.

Ƙanwarki,
Auta