Ramukan Gabas Naki Ne

Garhanga, ƙarshen bazarar 1986

Zuwa ga Mairama, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata bayan wunin gona. Ina gaishe ki gaisuwar mai bege, ke da Baffa Jika da shanunku duka. Na san ƙawarki Hasana ce za ta karanta miki wannan. To Hasana, ki riƙe amana, kada ki ƙara gishiri, kada kuma ki yi dariya.

Kin tuna ranar da kuka sauka da garke a gefen fakon nan nawa, wanda kawuna ya ba ni don ba mai so? Kin tarar da ni ina haƙa ramuka a ƙasar da ko tsidau ya ƙi, kika tsaya da ƙwaryar nono a ka, kika tambaye ni ko kaburburan ƙadangaru nake tonawa. Na ji haushi, wallahi na ji. Na ce miki tassa ce: a haƙa rami, a zuba taki, ruwa in ya zo ya kwanta ciki maimakon ya gudu. Washegari sai ga ki da kwando cike da busasshen kashin shanu, kika juye a ramin farko, kika tafi ko waiwaye babu. Wace mace ce ta taɓa sace zuciyar namiji da kashin shanu in ba ke ba?

Tun ranar ban san hutu ba. Tsarana sun hau mota zuwa Abijan, ni na tsaya ina jera duwatsu layi-layi don su tare ruwa, har tafin hannuna ya zama kamar bayan kunkuru. Ramuka sun cika fakon, gara ta shiga takin tana buɗe ƙasa. Iri yana nan, hatsin da innata ta ɓoye cikin tulu da toka a shekarar fari, ta hana mu ci ko da yunwa ta kwantar da mu. Har duwatsun rumbu na kafa, mutane na wucewa suna cewa Kalla ya zare. Su yi ta faɗi!

Amma jiya hadari ya haɗu a gabas, Mairama. Gari duka na roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙo da rabin baki, domin ruwan da zai tsirar da hatsina shi ne zai kora shanunku arewa, ya tafi da ke. Yaya zan yi murna da tsiro, idon da nake so ya gani yana can bayan duwatsu? Baffa ya ce wa kawuna ba ya ba da ɗiya bisa fako sai ya ga zangarniya da kaka. Gaskiyarsa. Sai dai ya yarda, in kina so, ki yi daminar nan wurin Goggo Tabawa cikin gari, ki gani da idonki. Ya bar magana a hannunki.

Na san girman abin da nake roƙo. Ba ki taɓa damina nesa da garke ba, kuma jar karsanarki za ta yi kukanki. Duk da haka ina roƙo, ban ji kunya ba: ki tsaya.

Ran da ruwan shuka ya sauka zan shuka ko'ina, ban da layin gabas, inda raminki na farko yake. Wannan gayaunarki ce, irinta na ware shi cikin ƙaramar ƙwarya. In kin bi shanu, ba ƙafar da za ta taka wurin har ki dawo. In kin tsaya, ki zo da Goggo da safe, kada ki ɗauko komai. Diddigenki kawai ramukan suke jira ya rufe su.

Naki, rani da damina, har ƙasa ta rufe idona,

Kalla