Ganyen da ke Akwatin Baba

Yaya Habsu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigida da yara? Mu nan lafiya lau.

Yajin aiki ya rufe lakwal, makarantar da nake koyarwa, sai nake kai ɗalibaina ƙauyen Jiratawa mu tsinko ganyaye, mu danne cikin jarida, mu rubuta suna da wuri. Jiya na buɗe musu akwatin ganyayen marigayi Baba. Akwai ɗaya da ban sani ba. "Bayan gida" kawai ya rubuta. Na je tsohon gidanmu na Tsibiri, bayan gidan duk gine-gine ne. Tsofaffi sun jujjuya ganyen, ba wanda ya gane shi.

Ki sa mu addu'a, ki gaida kowa. Ke kike bin Baba daji a da. In kin tuna sunan tsiron da ke bayan gidan, ki rubuto. Bayanki ba sauran wanda zan tambaya.

Ƙanenki, Sani