An Sallami Bitrus Saboda Majigin Miri

Ƙofar Wambai, Bauchi

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ni nan sai godiya, ban da gajiya.

Ka tuna Bitrus, mutumin Bogoro, wanda ke yi wa jama'a bayani da lasifika in na kunna majigi? An sallame shi.

An aiko mana fim na wata ƙasa wai ita Siyam, manoma suna dashen shinkafa. A tsakiya akwai inda suka bar gona suka cika titi suna ƙorafi ga masu mulki. Babbanmu ya ce zaɓe ya matso, in cire wurin. Na sa almakashi na yanke, na liƙe.

Da muka nuna a ƙauyen Miri, hoton ya yi tsalle. Wani dattijo ya ɗaga murya, "Kai mai magana, mutanen nan da suka taso, ina suka shige?" Bitrus ya manta bakinsa na kan lasifika, ya ce, "Baba, an yanke su." Kowa ya bushe da dariya, har ɗan dokan da ya kai ƙarar Bitrus washegari.

Ban ɗora wa babbanmu laifin duka ba, shi ma tsoron na sama yake yi. Amma Bitrus yaransa ƙanana ne, kuma bai yi ƙarya ba. Wai a haka muke jiran mulkin kai.

Don Allah ka tambayi maigidanka ko yana neman mai gyaran inji, Bitrus hannunsa na da kyau. Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna da su Hajara.

Ƙanenka,
Audu