Ja da Fari a Gonar Yashe

Asabar, 1 ga Afrilu, 1978

Kwalin ya iso. Wani abokin mijina Dawuda ya sayo mashi a Landan, motar Kano ta sauke shi nan bakin titin Kankiya. Jirgin sama ne na wasa, sai dai ba a cewa na wasa a gaban maigidan. Ana tuƙa shi daga ƙasa da wani akwati mai eriya da 'yan sanduna biyu. Wai irin mai alkafura ne.

Bara war haka makarantar tuƙin jirgi ta sallamo shi saboda ido. Likitansu ya ce ciwon idon gaba yake yi, ba ya komawa baya. A gabanmu mu biyu ya faɗa, amma ni kaɗai na ji. Tun daga nan mijina yake zaune a ofishin ayyuka yana sa hannu a kan takardun kwalbatoci, masinjoji suna ce mashi Kyaftin.

Ya ce, "Jamila, in na iya juya ɗan wannan abu a sama, idona ƙalau yake. Sai in koma a sake gwada ni."

Na ce Allah ya taimaka. Me zan ce?

Lahadi, 9 ga Afrilu

Falona ya zama shagon kafinta. Ko'ina gam da wani katako mai laushi kamar totuwar kara. Bayan jirgin ja, cikinsa fari, don a gane in ya kife. Sai ya kai takardar bayani har hancinsa kafin ya ga rubutun. Na karɓa na karanta mashi. Yau digirina na Turanci ya yi rana.

Asabar, 15 ga Afrilu

Fili. Duk gonakin ƙasar nan kunya-kunya ne, tayar da ba ta kai bakin kofi ba ina za ta bi? Muka tafi Yashe wajen Kawu Nagoggo, ƙanen mahaifiyarsa. Yana da gona inda shanun wani makiyayi, Bube, suka yi rani suna zuba mashi taki, sun tattake kunyoyin ta koma kamar daɓe.

Kawu ya zagaya jirgin, ya leƙa ta ƙasa. "To mutum ina yake zama?"

"Ba a shiga, Kawu."

"Kaya fa?"

"Ba ya ɗaukar kaya."

Kawu ya dube ni. "Ɗiyata, ke ma kin yarda da abin ga?" Na ce ni 'yar rakiya ce. Ya ba mu aron gonar har lokacin shuka.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Injin ya ƙi tashi. Da ya tashi ya sare mashi yatsa da farfela.

Asabar, 22 ga Afrilu

Wunin yau a kan allurar daidaita man injin ya ƙare. In ya buɗe ta da yawa injin ya yi ta tari yana tofar da mai, in ya matse ta ya yi ƙara kamar sauro ya mutu. Ni ce mai riƙe wutsiya. Zanena duk warin man zurma.

A nan dai ba shi da na biyu, domin aikin kunne ne. Ya rufe ido, ya murɗa kaɗan, ya ɗaga hancin jirgin sama, ya saurara. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba. Ban so na gani ba.

Bube ya kora shanunsa can gefen gawo, ya dawo ya tsuguna. Ya ce wata saniyarsa ta riƙe nono tun ƙarar makon jiya. Dawuda ya ba shi haƙuri. Bube ya ce ba komai, shi dai yana so ya ga ranar da zai tashi.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Ya tashi.

Ya ja hagu kamar jakin da ya hango gida, hancinsa kuma na son ƙasa. Dawuda ya lallaɓa shi ya zagayo, ya sauke shi a kan kashin shanu. Taya ɗaya ta lanƙwashe. A mota bai daina magana ba har Kankiya: zai matsar da batir baya, zai rage wa wutsiya motsi, zai sa 'yar takarda ƙarƙashin fiffike.

Na yi dariya inda ya kamata.

Asabar, 29 ga Afrilu

Gyaran ya yi. Yanzu yana tafiya sak ko an saki sanduna. Ya yi alkafura, ya yi mirgina, Bube har da miƙewa tsaye.

Amma da jirgin ya wuce gawo, sai Dawuda ya ce, bai ko juyo ba, "Wane launi kike gani?"

Na ce fari.

"Haka na gani."

Ya juyo da shi daidai. Can kuma, "Zuwa yake ko tafiya?" kamar malami yana gwada ɗaliba. Na ce zuwa.

Lahadi, 7 ga Mayu

Abin ya zama tsari ba tare da kowa ya tsara ba. Ina tsaye a kafaɗarsa ina cewa ja, fari, yana zuwa, hagu ta yi ƙasa. Shi yana tuƙi. A haka yau ya bi da shi rigingine daga wannan kan gona zuwa wancan. In ya sauke sai ya ce, "Kin gani? Wai ni ne ba na gani."

Ɗalibaina mata na koya wa bambancin gaskiya da ƙage ran Juma'a. An tafa mani.

Talata, 9 ga Mayu

Ya je makarantar tuƙin jirgin ya dawo. Sun ba shi tsakiyar Yuni ya zo a duba idon. Ya kai kakinsa wanki.

In na yi shiru a gona jirgin zai faɗi. In na ci gaba da magana, shi zai faɗi a gaban likita, bayan ya gaya wa duk Kankiya zai koma. Ban ga na zaɓa ba.

Laraba, 17 ga Mayu

Kawu ya aiko. Shamuwa ta sauka a tsamiyar ƙofar gidansa, shi kuwa ba ya jiran ruwa, binne yake yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah. Ran Lahadi za a shiga da sungumi. Dawuda da yake ta duban hadari yana cewa akwai sauran lokaci, ya manta yadda danginsa suke shuka. Asabar ce ta rage.

Asabar, 20 ga Mayu

Ina ta shirya yadda zan yi shiru, ashe ba sai na wahala ba. Yana zuba mai ya ce, "Yau kada ki ce komai." Bai dube ni ba.

Ya tashi lafiya. Alkafura ɗaya a kusa, tsaf. Sannan ya bar shi ya wuce gawo, da gangan ina jin. Ina ganin fari. Ina ganin yana zuwa, hancinsa na sunkuyawa wajen shanun Bube. Dawuda ya ɗaga fuska yana duban wani wuri dabam a sama, inda babu komai. Yatsunsa sun tsaya.

Na ciji leɓe har na ji gishiri.

Sai ya miƙo mani akwatin. "Karɓi."

Ban taɓa riƙe shi ba. Na dai san sandar da ke rage wuta, na ja ta. Na tura ɗayar, jirgin ya yi inda ban nufa ba, na mayar. Ya mirgino, ja ya fito, ya tsallake shanun, ya kifa fiffike a ƙasa bayan garken. Ƙarar ba ta fi ta karya kara ba.

Bube ne ya ɗauko shi a hannu biyu kamar ɗan maraƙi. Ya ce, "Malam, ai ya yi ƙoƙari."

Dawuda ya shafa karayar da yatsu. A hanya ya ce in tuƙa motar. Wannan ma bai taɓa ba.

Lahadi, 21 ga Mayu

Ba mu yi maganar ba.

Alhamis, 1 ga Yuni

An yi ruwa. Binnen Kawu ya tsira, in ji masu zuwa kasuwa.

Alhamis, 15 ga Yuni

Yau ce ranar gwajin. Ya tafi ofis ya sa hannu a kan kwalbatoci. Kakin yana wajen mai wanki, ba wanda ya je karɓowa. Da ya dawo ya tambaye ni ko fitilar falo ce ta rage haske. Na ce wataƙila.

Lahadi, 25 ga Yuni

Fiffiken nan ya tare mani kan tebur, shi ya sa na ɗauko gam, ba don komai ba. Haƙarƙarinsa sun karye ta gefen hagu. Ina yanka sababbi, shi yana zaune yana shafawa yana cewa wannan ya yi kauri, kankare. Sau da yawa gaskiyarsa ce, abin haushi.

Ya ce in jirgi ya fuskanto mutum, hagu da dama musanyawa suke, shi ya sa ya kuɓuce mani rannan. Ban tambaye shi ba.

Na haɗu da Bube a kasuwa jiya. Ya ce in an cire amfanin gona zai dawo da shanun wajen Kawu. Na ce to, ya ajiye su ta gabas, can ne ƙasar ta fi tudu-tudu, su tattake ta. Ya dube ni ya ce, "Ta gabas." Na sayi nono na taho.