Kabarin da Muka Haƙa wa Fasto Dawuda

Kankiya,
Damina, 1954.

Zuwa ga 'yar'uwata Zinariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Jos? Yaya kuma haƙurin rashin Baba? Allah shi ba mu dangana.

Takardarki ta iso, ta sa ni hawaye. Kin ce abin da ke hana ki sukuni shi ne tunanin an binne mahaifinki kamar baƙo, tunda Kiristocin garin nan tsofaffi ne 'yan kaɗan, ruwa kuma ya yanke hanya. To, share hawayenki ki ji.

Kin san mahaifinki Fasto Dawuda da tamaula. Gonarsa sukutum ya bari ba shuka don mu samu filin wasa. Ni da kowa ke wa dariyar gajarta, ni ya tsayar a gola! Kuma duk daɗin wasa, rana na faɗuwa sai ya busa usur ya kora mu masallaci. Ran da muke gab da rama cin da 'yan Kusada suka yi mana, haka ya tashi wasan, muna ta ƙunƙuni.

Da labarin rasuwarsa ya bazu, 'yan wasansa suka taru, har daga Rimaye da Mawashi, kowa da magirbi a kafaɗa. Muka haƙa kabari tsaf irin namu, da ɗan siririn rami a ciki daidai kwanciyar mutum a likkafani. Wallahi ba wanda ya tuna ku a akwati kuke binnewa! Aka kawo akwati, ya ƙi shiga. Kunya ta kama mu, ga hadari ya haɗo, Inna Rahamatu, mahaifiyarki, tana tsaye tana kallonmu.

Sai ga mahaifina, Malam Modibbo, wanda kin sani ya sha zane ni saboda tamaula. Na zaci korar mu ya zo yi. Ashe rigarsa zai tuɓe. Ya amshi magirbi a hannuna, ya ce mutumin da ya shekara da shekaru yana tura masa ɗa salla ba zai jira a bakin rami ba. Da shi muka faɗaɗa kabarin. Tsofaffinku suka yi waƙarsu da addu'arsu, mu muna gefe, sannan muka mayar da ƙasa tare.

Inna ta miƙa mani usur ɗin. Jiya muka koma fili. Da rana ta faɗi na kai usur ɗin baki, sai na sauke shi. Ban busa ba, amma yaran nan da kansu suka ajiye ƙwallo suka nufi alwala.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ni ne ɗan'uwanki,
Lawal Gajere