Hoton Inna a Cikin Zanga-zanga

Gwaggo Lauratu, don Allah ki taimake ni. Abin ya fi ƙarfina, kuma a gidanmu duk wanda na tunkara ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni mai ɗaukar hoto ne, shagona yana unguwar Mursal. Tun ina saurayi nake yawo da kyamara a wuya, daga suna zuwa ɗaurin aure zuwa saukar karatu. In gari ya rikice kuma, malamai ko 'yan makaranta suka fito kan titi, ina tsakiyarsu, in ɗauki hotuna in kai wa 'yan jarida. Daga Mursal har unguwar Milezi, da wuya a sami tsohuwar da ban zaunar a kujerar shagona na ce ta ɗaga haɓa ba. Sai uwata kaɗai.

Kakanninmu hanyar Makka suka ɗauko da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a garin nan tun zamanin Turawa, lokacin ana ce masa Lami. Inna ta tashi da abin a ranta. Ta ce ba mai ɗaukar fuskarta sai ranar hoton fasfo na aikin hajji, ta ƙarasa tafiyar da iyayenta suka fara. In na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi, tana dariya tana zagina. Ni kuwa kullum sai in ce baɗi zan kai ta, baɗi zan kai ta. Har Allah ya karɓi abarsa, ba Makka, ba hoto.

Kwanan baya na sayi kyamarar zamani da ba ta cin fim, sai na zauna ina tsince tsofaffin fim ɗin da na tara a kwali. Na ci karo da na zanga-zangar matan kasuwar Habbena, shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa kaya suka yi tsada. Lokacin ɗan kaɗan jarida ta zaɓa, sauran ban taɓa fitar da su a takarda ba. Na wanke ɗaya don kawai in gani. Gwaggo, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Inna ce a gefen taron. Mayafi ya zame, hannu a sama, baki a buɗe, idonta cikin kyamarata tsaf, ga hayaƙin barkonon tsohuwa a bayanta.

Ashe ranar ina tsaye a gabanta amma ban gane uwata ba! Ni dai jandarmomi da hayaƙi nake so su shigo hoto. A ranar, da na koma gida ta zuba mini tuwo, ta ce in wanke idona ya yi ja, kuma ba ta taɓa ce mini ta je wurin ba har ta bar duniya. Wannan shi ke cina.

Yanzu yayana Inusa ya ce tozarci ne, matar da ta tsare fuskarta duk rayuwarta a gan ta kai ba lulluɓi tana ihu a titi. Ya ce Juma'a zai zo, in ƙona fim da takarda a gabansa, ko in cire shi daga 'yan'uwana. Ƙanwata Hauwa kuwa tana aure a Kano, ko jana'iza ba ta samu ba. Kuka take mini a waya, wai kamannin Inna sun fara ɓace mata, in faɗaɗa hoton in aika ta rataye a falo. In na ƙona, fuskar Inna ta tafi har abada. In na aika, na karya mata magana, na rasa yayana. Yaya zan yi?

Mai Hoto, Mursal

Ɗana Mai Hoto, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Inusa ba mugu ba ne, amanar mahaifiyarku yake tsarewa, kuma ya yi gaskiya: wannan hoto ba na bango ba ne, ba na jarida ba ne. Hauwa ma ba rigima take nema ba, kewa ce. Amma falo wurin baƙi ne, Inna kuwa ba ta yarda baƙi su kalle ta ba.

Kada ka jira Juma'a. Ka je gidan Inusa da kanka, ka gaishe shi a matsayin babba, ka roƙe shi abu ɗaya: kada a ƙona sai Hauwa ta gani. Ba ta tasha za ka aika ba, kai za ka kai mata da hannunka, ku kalla a ɗaki, ka dawo da shi. Fim ɗin kuwa ka ba Inusa ajiya. Wanda aka ba ajiya ba ya saurin ƙyasta ashana. In Allah ya hore, ɗayanku da ya sauke nasa farali ya yi mata hajjin.

Sai maganar da ke cinka. Ka sake duba hoton. Ban san abin da ke zuciyarta ba, amma mai zanga-zanga gaba take kallo, wajen hukuma. Kai ka ce ita kai take kallo. Uwa ta hango ɗanta a bakin hayaƙi, ta ɗaga hannu, ta buɗe baki, me kake tsammani take faɗa? Kuma ka tuna, matar da ke jan mayafi da zarar ka ɗaga kyamara, ranar ba ta ja ba, don hankalinta ba ya kan fuskarta.

Ba ka gane ta ba, wannan kam zai daɗe yana maka ciwo, ka bi ta da addu'a. Amma ita ta gane ka, ta kuma zuba maka tuwo.

Allah ya haɗa kanku, ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggo Lauratu