Na Auna Gonar Aro, Yanzu Ana Neman Karɓe Ta

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ruwan shuka ya sauka, domin ina tsoron na jawo wa gidanmu abin da ba zan iya gyarawa ba.

Ni ɗalibi ne, ina karanta fannin ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Wannan zangon an haɗa mana da darasin zamantakewar al'umma, sai malaman biyu suka ba mu jinga ɗaya: kowa ya zaɓi wuri a garinsu, ya auna, ya faɗi darajarsa, sannan ya tambayi mutane yadda ake mallakar ƙasa a can. Abokaina 'yan Gumel duk shagunan iyayensu suka zaɓa. Ni ɗan ruga ne daga ƙasar Sule Tankarkar, ba mu da shago, sai na zaɓi gonar da na tashi ina nomawa.

Gonar ba tamu ba ce. Ta wani dattijo ce, Malam Barau, kakana ne ya samu aronta a wurin mahaifinsa. Da farkon rani shanunmu kan kwana a gonakinsu su bar musu taki, da kaka kuma mahaifina, Baffa, yakan kai wa Malam Barau damin gero, shaidar mun san mai ita. Duk na san wannan, amma wallahi ban ɗauki awo a bakin komai ba.

Ranar kasuwa na zo da abokina Abdulfatah, sanye da rigunan nan masu ƙyalli na ma'aikatan safiyo masu awon ƙasa. Muka ja tef, muka kafa itace a kusurwoyi, muka ɗauki hotuna, masu babura suna wucewa suna waiwaye. Na kuma bi gida-gida ina tambayar tun yaushe muke noma wurin, kuma ko akwai takarda. Har gidan Malam Barau na je, ban same shi ba, sai na yi wa matarsa tambayoyin.

Yanzu ƙauye ya ɗauka cewa takarda za mu yi wa gonar, wasu ma sun ce kamfanin da zai saye ta muka samo. Ɗalha, babban ɗan Malam Barau, ya aiko cewa bana kada mu zuba iri. Ƙanwata ta shiga ƙauyen tallan nono, ba wanda ya saya, ta dawo da ƙwaryarta cike. Baffa yana kudu da shanu, bai ji ba tukuna, ya kusa dawowa, kuma da na ji wayata ta yi ƙara sai in ɗauka shi ne. Gonar nan ita ce tuwonmu. Abdulfatah ya ce wanda ya daɗe yana noma wuri yana da hakki, mu nemi lauya. In nemi lauyan? Jingar fa, in miƙa ta, ko in bar kwas ɗin ya tafi?

Ɗan Ruga Mai Fargaba

Wa alaikumus salam, ɗana.

Tsoronka yana kan hanya, amma lamarin bai ɓaci ba. Ka lura, Ɗalha ne ya aiko. Malam Barau bai ce komai ba tukuna, kuma maganarsa ce magana.

Ka yi wa mutanen nan adalci. A yankinku ba a ganin tef da rigar ƙyalli a gona sai wani abu zai biyo baya. Mutumin da ba shi da takarda, shaidarsa kawai sanin jama'a da damin da kuke kaiwa, ya ji an shiga gidansa ba ya nan ana tambayar iyalinsa ko yana da takarda. Ko ni ne zan tsorata. Kai ma ba mugunta ka yi ba, gaggawa ce. Ƙa'idar aikin da kake koya ta hana auna wuri sai da izinin mai shi, mai bincike kuma yakan fara bayyana kansa kafin ya yi tambaya.

Ka bar batun lauya. Ko da akwai abin da doka za ta duba, ranar da kuka ambaci kotu kun tabbatar da jita-jitar, kuma ba a kotu shanunku za su sha ruwa ba.

Ka kira Baffa yau, ya ji daga bakinka. Zai yi faɗa, ka haƙura. Kada ka je wurin Malam Barau kai kaɗai, domin aron tsakanin manya aka yi shi. Ku je tare da Baffa da wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, liman ko mai unguwa. A nemi Ɗalha ya zauna, don kada ya ga an tsallake shi. Ka ba da haƙuri ba tare da dogon bayani ba, Baffa ya faɗa a gaban shaidu cewa gona ta Malam Barau ce, aro kuke ci. Itacen da ka kafa kuwa kada ka cire su a ɓoye. Ku je da Ɗalha ka tumɓuke su yana kallo, ka goge hotunan a gabansa.

Kada ka yar da karatunka. Ka sami malamanka ka gaya musu abin da ya faru, ka roƙi a canza maka wuri. A Gumel ko Maigatari ba za ka rasa mai shagon da zai yarda ba. Awon gonar nan dai kada ya shiga kowace takarda.

Mai yiwuwa duk da haka su ce a huta bana. In haka ta faru, ku karɓa da ladabi, kuma in kaka ta yi ku je gaisuwa kamar kullum. Zaman da ya kai jikoki yakan jure ɓacin rai guda, in an yi saurin zuwa.

Allah Ya sanyaya zukatansu, Ya ba ku damina mai albarka, Ya sa ka gama karatunka lafiya.